Tsabtar da Addini Ya Koyar da Inda Muke Kuskure Wajen Yin Ta

Idan aka ga dattijo ya haura saba'in yana tauna kilishi da haƙoransa, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, akan ce Allah Ya yi masa albarka. Haka ne kuwa. Sai dai sau da yawa albarkar ta biyo ta ƙananan ka'idojin da ya riƙe tun ƙuruciya ne, kuma ya riƙe su yadda ya kamata.

Manzon Allah (SAW) ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya hana bayan gida a kan hanya da inuwar da mutane ke zama. Duk wanda ya san tsargiya ya san nauyin wannan hani. Mai tsargiya in ya yi fitsari a kududdufi ko magudanar ruwan shinkafa irin ta Yagwa da Maga a arewacin Kamaru, ƙwan tsutsar na fita da fitsarin, ya ƙyanƙyashe, ya shiga wata 'yar katantanwa. Bayan 'yan makonni tsutsar ta fito ta huda fatar duk wanda ya taka ruwan. Yaro ya fara fitsarin jini, wasu iyayen su ce girma ne. Ba girma ba ne. In an bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda. Maganin Praziquantel na kashe tsutsar, amma muddin ana fitsari a ruwan, yaron zai sake ɗauka.

Ga inda masu ilimi ma ke tuntuɓe. A fiƙihun Malikiyya, ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su canja ba, ya halatta a yi alwala da shi. Wannan hukuncin tsarki ne, ba shaidar lafiyar sha ba. Ƙwayar kwalara ba ta canja ko ɗaya daga cikin ukun nan, kuma mutanen jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru da na Chadi sun ɗanɗana haka a annobar 2010. Ruwan sha a bar shi ya tafasa sosai na minti 1, a rufe randa kamar yadda hadisi ya yi umarni, a ware moɗa ɗaya mai mariƙi. Bayan tsarki kuma a sa sabulu, don hannun da aka ɗauraye da ruwa zalla shi ne zai koma kwanon tuwo.

Asuwaki, ko na dogon yaron da ya cika titunan Marwa ne, a zaɓi mai kaurin ƙaramin yatsa. A ɓare kamar santimita 1, a tauna har ya yi laushi, a goga daga dasashi zuwa bakin haƙori. Masu dirza shi da ƙarfi dama da hagu su ne dasashinsu ke janyewa, haƙori ya riƙa tsami. A yanke kan bayan kwana 1 ko 2, a ɗauraye a shanya. Aljihun da ke da goro da kuɗi ba wurinsa ba ne.

Hadisin raba ciki uku (abinci, abin sha da numfashi) kowa ya haddace, amma shayi ba ya shiga lissafin kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin babba ya kai giram 50 a yini, kusan ƙaramin cokali 12, gishiri kuma ƙasa da giram 5. Shayi zagaye uku safe da yamma na iya cinye kason sukarin, dunƙulen Maggi kuma kusan rabinsa gishiri ne. Hawan jini da ciwon sukari ba sa sallama, sau da yawa sai sun yi nisa ake jin su.

Azumi a Kuseri ko Njamena, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, yana son a rarraba shan ruwa daga buɗa baki zuwa sahur, a kuma jinkirta sahur ɗin. Mai ciwon sukari ya ga likita kafin wata ya kama, a gyara masa lokacin magani. In ya auna da rana ya ga sukari ya sauka ƙasa da giram 0.70 a lita, ya karya azumin nan take ya rama daga baya, Suratul Baƙara ta ba mara lafiya wannan rangwame.