Jenks, ɗan jaridar da ya zauna gefen direba a tseren Mille Miglia

Duk wanda yake son harkar mota ya kamata ya san sunan Denis Jenkinson, wani Bature ɗan Ingila gajere mai dogon gemu da ake ce ma Jenks. An haife shi a 1920, ya rasu a 1996, kuma shekaru da yawa shi ne wakilin mujallar Motor Sport a ƙasashen Turai, a ƙarshen rubutunsa ma baya sa cikakken suna sai dai DSJ kawai, amma masu karatu sun san waye.

Abin da yasa nake girmama mutumin nan shi ne bai taɓa rubutu daga nesa ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu aikin injiniya yayi a Farnborough wajen gwajin jiragen sama, to ya san inji ciki da waje tun kafin ya kama biro. Bayan yaƙi kuma ya shiga tseren babur mai ɗan kwando a gefe, shi ne yake zama a kwandon yana leƙo da jikinsa kusan ya taɓa kwalta a kowace kwana don kada babur ɗin ya kife, da haka shi da Eric Oliver mai tuƙa babur ɗin suka zama zakarun duniya a 1949. Daga nan sai yawo daga wannan filin tsere zuwa wancan cikin motarsa Porsche 356, daga baya Jaguar E-type, ya tuƙa da kansa ya gani da idonsa ya aiko da rahoto.

Amma babban labarinsa na ran 1 ga Mayu 1955 ne. A lokacin akwai wani tseren mota a Italiya mai suna Mille Miglia, kusan kilomita 1,600 daga Brescia zuwa Rum a dawo Brescia, kuma ba a fili ake yi ba, kan titin da jama'a ke bi ne, cikin ƙauyuka da duwatsu mutane cike a gefen hanya. Direbobin Italiya sun san hanyar tun suna yara, shi kuwa Stirling Moss, direba ɗan Ingila da Jenks zai zauna gefensa a tseren, baƙo ne, to ya zai yi? Sai suka riƙa bin hanyar shi da Jenks kafin ranar, Jenks na rubuta kowace kwana da kowane tudu da gada da layin dogo, wacce za a shiga da gudu wacce kuma in ba a taka birki ba sai dai gawa. Ya kwafe duka a takarda ɗaya mai tsawon ƙafa 18 ya naɗe ta cikin wani ɗan akwatin ƙarfe mai taga, yana murzawa tana tafiya. Ƙarar injin Mercedes-Benz 300 SLR bata barin a ji magana, saboda haka da hannu yake yi wa Moss alama, kamar yadda yaron mota ke buga ƙofa direba ya gane ba sai an ce komai ba.

Ku duba girman amanar nan don Allah, mutum na gudun sama da kilomita 250 a awa ya tunkari tudun da baya ganin bayansa, abokinsa ya nuna masa da hannu cewa miƙaƙƙiya ce, shi kuma bai ɗaga ƙafa daga totur ba. Jenks har amai yayi a hanya, iska ta fizge masa tabarau, ya ciro wani ya saka ya ci gaba da murza takarda.

Sun tashi ƙarfe 7:22 na safe, shi yasa lambar motar 722, suka gama cikin awa 10 da minti 7 da sakan 48, shahararren direban nan Fangio da yazo na biyu ya biyo su da wajen rabin awa. Ba a karya wannan tarihin ba har aka daina tseren bayan mummunan hatsarin 1957 da ya kashe 'yan kallo har da yara.

Sannan ya zauna ya rubuta labarin duka wa mujallarsa aka buga a watan Yuni, har yau ana lissafa shi cikin mafi kyawun rahoton tsere da aka taɓa yi, ni kuma na yarda da haka ɗari bisa ɗari.