Ɗinkin Hunturu a Jos: Ɗumi Daga Ciki Yake Farawa

Ina da shagon ɗinkin kayan mata a gefen Titin Bauchi da ke Jos, kuma in aka ɗauke lokutan sallah, babu lokacin da aiki ke yi mana yawa kamar daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa sanyinsa ya fi na Kano da Abuja cizo. Da asuba a watannin Disamba da Janairu ma'auni kan sauka zuwa digiri 12 ko ƙasa da haka, amma da zarar rana ta take sai mutum ya nemi inuwa. Malamar makarantar da ta fita da ƙarfe bakwai tana rawar ɗari, ita ce za ta dawo da azahar tana gumi, don haka kayan da za mu ɗinka mata dole su yi mata amfani a lokutan biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne in ga mace ta biya kuɗin atamfa mai kyau, an fitar mata da ɗinki, sannan ta rufe shi da ƙatuwar suwaita wadda launinta bai haɗu da komai a jikinta ba. A ganina tun wajen awo ya kamata a yi maganin sanyi. Idan mace ta ce kayan na hunturu ne, nakan ƙara kusan inci ɗaya a ƙirji da hammata, domin ta iya sa rigar ciki mai dogon hannu ba tare da ɗinkin ya matse ta ba. Doguwar riga kuma muna yi mata shafi da yadin auduga mai ɗan kauri maimakon mai santsin nan da teloli suka saba sawa, wanda ke ɗaukar sanyi ya manne wa fata. Hannun riga ina son ya kai wuyan hannu, a tsuke bakinsa da maɓalli ko roba, saboda hannu mai faɗi yana da kyau a hoto amma iska ta nan take shiga. Leshi kuwa, da yake duk huji ne, ba na ba da shawararsa don fitar yau da kullum sai an ninka masa shafi.

Wata rana wata dattijuwa ta kawo min jikarta da za ta fara karatu a Jami'ar Jos, ta ce: "'Yata, ki yi mata abin da zai rufa mata asiri ya kuma hana ta mura." Na ce: "Mama, in sha Allah za a yi." Abaya muka ɗinka mata da yadi mai nauyi, muka haɗa da siririn wando na ciki da safa, sai mayafin ulu da za ta naɗe ta jefa a jaka idan gari ya yi ɗumi.

Abin da za a ɗora a sama kuwa, ba ma ƙyamar gwanjo. Nakan je kasuwar Katako ranar da aka fasa sabuwar dila in zaɓo rigunan saƙa masu buɗaɗɗen gaba, mu wanke, mu canja maɓallai, mu rage tsawon hannu. Launi ɗaya tilo nake nema, baƙi ko ruwan toka ko ruwan ƙasa, saboda atamfa ta riga ta cika da zane, kuma fari ba ya jure ƙurar hazo. Wadda ta tsaya daidai ƙugu ta fi dacewa da riga da zani, doguwa kuma da abaya. Ulu ba ya son ruwan zafi ko matsa da ƙarfi, kuma a kwance ake shanya shi, in ba haka ba kafaɗun su zazzago tun kafin hunturu ya wuce.