Ranar da Na Sauke Taswira daga Bango

An ba ni aji biyu a wata makarantar sakandare da ke yankin Kura a jihar Kano, ɗaya labarin ƙasa, ɗaya tattalin arziki, yaran kuma kusan duk iri ɗaya ne. Zangon farko na bi littafi sau da ƙafa. In cika allo da ma'anoni, su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su mayar mini da abina. Maki yana kyau, ni kuma ina ganin aiki na tafiya.

Wani yaro da ke zama a layin baya ne ya farkar da ni. Ina nuna musu Kogin Kano a taswirar da ke rataye a bango, yadda ya taso daga tuddan kudancin jihar, ya haɗu da Challawa, suka zama Kogin Haɗeja, ruwan ya bi ta Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ta yaya ruwa zai hau sama?" Babu wanda ya yi dariya, domin ashe duk ajin haka suke gani. Tunda a bango taswira take, a wurinsu arewa ita ce sama, kudu kuma ƙasa. Wata uku ina magana a kan abin da ba mu taɓa fahimtarsa iri ɗaya ba.

Washegari na sauke taswirar, muka fita fili, na shimfiɗa ta a ƙasa muka danne gefunanta da duwatsu. Na tambaye su ina suke fuskanta in za su yi salla, duk suka nuna gabas. Muka juya takardar har gabashinta ya dace da nasu. Daga nan muka tara rairayi ta kudu, muka yi gangare zuwa arewa maso gabas, aka kawo buta aka zuba ruwa. Ruwa ya bi gangare kamar yadda ya saba, yaron ya tsuguna yana kallo. Tun daga ranar ba na fara koyar da taswira a tsaye.

Wannan ya sa na sake duba ɗaya darasin. Yaran da nake sa wa haddar ma'anar buƙata da wadatar kaya, yawancinsu 'ya'yan manoman rani ne. Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, shi ke shayar da gonakin Kadawa da Kura, da ruwansa iyayensu ke noma shinkafa da tumatir. Sai na ba su aiki: kowa ya tanadi shafi guda a littafinsa, duk mako ya tambayi kuɗin kwandon tumatir da na kwanon gero, ya rubuta da kwanan wata. Muka yi haka daga tsakiyar hunturu har damina ta kankama.

Da muka zana abin da suka tara a allo, ban sha wahalar bayani ba. Lokacin da tumatir ya nuna gaba ɗaya, motoci suka cika kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, kwando ya faɗi warwas. Da ruwan sama ya sauka, na rani ya ƙare, kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi. Gero kuwa a hankali yake hawa tun daga kaka, sai ya fi tsada a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabo kuma bai iso ba. Na tambaye su me ya sa na tumatir ke tsalle haka, na gero kuma ke rarrafe. Wata yarinya ta ce, "Malam, ai gero yana jira, tumatir ba ya jira. Baba in ya tsinka yau, ko nawa aka taya sai ya sallama." A ganina babu littafin da ya fi ta iya faɗar wannan. Daga bakinta muka shiga zancen ajiya, da shanya tumatir, da dalilin da ya sa dillali ke fin manomi ƙarfi a ciniki, da tafiyar kusan kilomita 1,000 da kwando ke yi kafin ya kai Legas.

A nan na gane kuskure ne raba darussan nan biyu kamar ba su san juna ba. Iskar da ke tasowa daga Tekun Atlantika tana kawo ruwa mai yawa a kudu, kafin ta iso mu ta yi rauni, shi ya sa goro ke yi a kurmi, gero kuma a wajenmu. Wannan bambanci ne ya tayar da fataken da suka riƙa zuwa Gwanja, a Ghana ta yau, sayen goro, shi ne kuma ya kawo ayarin gishirin Bilma. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta sami hanyar zuwa teku, noma ya sauya. Yanzu duk abin da muka ambata a aji, tambaya biyu nake yi: a ina ake samunsa, don me kuma a can?

Akwai inda na yi tuntuɓe. Na ɗauka kowane yaro zai iya zuwa kasuwa, ashe wasu 'yan matan ba a barinsu, har wata ta ɓoye littafinta don kunya. Shekarar da ta biyo baya na ce a tambayi duk mai yin cefane a gida, ko mai awo a unguwa. Nasu lissafin ma ya fi na samarin tsari, don iyaye mata ba sa manta kuɗin kwano.

Bana mun ƙara albasa da takin zamani a shafin. Yaron nan na layin baya shi ke riƙe da babban littafin ajin, ya kuma roƙi mu je Tiga ya ga inda ruwan ke fitowa. Na rubuta wa shugaban makaranta takardar neman mota, muna jiran amsa.