Tarihin Rayuwata a Harkar Talla, Kashi na 7: Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya mun tsaya a kan irin ɗan kasuwar nan da ke buɗe shafi a Facebook, Instagram, TikTok da WhatsApp rana ɗaya, kafin wata biyu duk sun zama kufai. Abin yana ci mini rai, domin yawancinsu ba malalata ba ne. Hannu biyu gare su, suka ɗauko aikin mutum goma.

Idan kai ma haka kake, kada ka yi gaggawar rufe ko ɗaya daga cikin shafukan. Fara samun ƙaramin littafi ka ajiye kusa da inda kake karɓar kuɗi. Duk wanda ya saya, tambaye shi, "A ina ka ji labarinmu?" Ka rubuta kwanan wata, hanyar da ta kawo shi, abin da ya saya da ribar da ka samu. Ka jure kwana 30 cur. Mako guda ba ya isa, don cinikin ƙarshen wata daban yake da na tsakiyarsa.

Ranar lissafi, raba kuɗin da kowace hanya ta ci da yawan sababbin masu sayen da ta kawo. Inda mutane ke kuskure shi ne ba sa sa lokacinsu a ma'auni. A ce Instagram ya cinye maka awa 12 ya kawo mutum 3, WhatsApp kuwa awa 4 ya kawo mutum 10. Ka ga a can kowane mai saye ya ci awa 4, a nan minti 24. Yawan masu yabon hoto bai shiga wannan lissafi ba ko kaɗan, yabo ba ya biyan haya. Abin da kusan kullum littafin ke nunawa shi ne ƙa'idar nan ta 80 da 20 da ake dangantawa da Vilfredo Pareto, masanin tattalin arziki ɗan Italiya: hanyoyi ƙalilan ne ke kawo mafi yawan ciniki.

Sai ka riƙe wadda ta fi, ka zuba mata kashi uku cikin huɗu na lokacinka har wata uku. Ragowar ka gwada hanya ɗaya tak.

Idan tallan biya ne a Facebook, kada ka yayyanka ɗan kuɗinka gida biyar. Na'urar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, tana buƙatar sakamako kusan 50 cikin kwana 7 kafin ta gama gane mutanen da ya kamata ta nuna wa tallan, kuma duk babban sauyin da ka yi, kamar canza hoto ko masu kallo, yana mayar da koyon farko. Ka kyale shi ya yi mako.

Tsofaffin abokan cinikinka fa? Su ne mafi arha, kuma su aka fi mantawa. Jerin aika saƙo na WhatsApp, wanda ke tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa a lokaci guda, yana ɗaukar lamba 256, amma saƙon ba zai isa ga wanda bai adana lambarka ba. Saboda haka tun yana gabanka ka roƙe shi ya adana.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba irin saƙon da ake tura musu ba tare da an gundure su ba.