Ni ke tuƙa jirgin, amma sai na roƙi lif kafin in je aiki

Duk wanda ya ji cewa ni matuƙin jirgin sama ne, tambayarsa ta farko ita ce wai ba na jin tsoro, ta biyu kuma a wane filin jirgi nake aiki. In na ce Newark, nan kusa da Niyok, sai ya ce ashe can kake zaune? In ce a'a, gidana tafiyar awa biyu da rabi ce a jirgi daga can. Nan mutum zai yi shiru yana kallona kamar na yi saɓo. To haka abin yake fa, jirgi nake hawa in je aiki kamar yadda wani ke hawa bas, sai dai shi mai bas in ya biya kuɗinsa ya san zai zauna, ni kuwa ba tikiti ba kujera, sai abin da fasinjoji suka rage.

Kowane kamfanin jirgi yana da garuruwan da yake ajiye ma'aikatansa, mu bes muke ce musu. Nan aikinka ke farawa, nan yake ƙarewa. Kamfani ba ruwansa da inda kake kwana ko a duniyar wata ne, shi dai ƙarfe kaza ya gan ka cikin yunifom ka sa hannu. In shi ya ɗauke ka daga wani gari zuwa wani don aikinsa wannan daban, kujerarka tabbas ce kuma ana biyanka. Amma daga ƙofar gidanka zuwa bes, wannan kai ta shafa, ko sisi ba a ba ka.

Mutane sukan ce to me zai hana ka kwashe iyali ka koma can kowa ya huta? Tambaya ce mai kyau, ni ma nakan yi wa kaina ita duk sati. Na farko haya a yankin Niyok ba a magana. Na biyu kuma, komai a aikin nan a Amurka siniyoriti ne, wato ranar da aka ɗauke ka ita ke yanke maka bes ɗin da za ka samu, da irin jirgin da za ka tuƙa, da ranakun hutunka, da ko za ka yi sallah a gida. Sabon shiga inda manya suka ƙi nan ake jefa shi. Ka samu ƙarin girma ka zama kyaftin, sai ka koma ƙasan layin kyaftin-kyaftin, a sake cilla ka wani garin. Ga shi bes ɗin ma ba gadon gidanku ba ne, kamfani na iya tashi wata rana ya rage aiki a gari ko ya rufe gaba ɗaya, waɗanda suka sayi gidaje a Memphis da Cleveland da Pittsburgh lokacin da garuruwan ke tashe za su ba ka labari. Wa zai riƙa cire yara daga makaranta duk shekara biyu yana bin kamfani?

Wata Lahadi cikin Janairu ba na manta ta. Aikina zai fara Litinin ƙarfe shida na safe, wanda ke nufin dole in tafi tun Lahadi, ranar da a takarda hutuna ce. Tun da hantsi nake duba waya, jirgin ƙarfe uku yana da kujeru 14 babu kowa, na ce alhamdulillahi yau da sauƙi. Kafin in isa filin jirgi an soke na safe saboda dusar ƙanƙara, aka juye mutanensa kaf cikin namu, 14 ɗin nan ta koma sifiri, ga mu ma'aikata wajen takwas mun yi cirko-cirko a bakin ƙofa kowa ya ƙura wa allo ido, muna yi wa juna murmushi alhali kowa a ransa lissafi yake wa ya girmi wa a lambar siniyoriti.

Abin da ya rage shi ne jamsit, 'yar kujerar nan da ake ninkewa a ɗakin tuƙi bayan matuƙa biyu. Asali ta masu duba aiki ce, in babu su sai matuƙi mai neman lif ya samu, bayan an tantance shi a kwamfuta. Kuma ko an tantance ka kujerar ta kyaftin ce, sai ya yarda. Akwai ladabin abin: ka shiga da katin aiki da laisin da takardar likita a hannu, ka gaishe shi, ka ce ranka ya daɗe ina neman alfarmar a rage min hanya. Ba ka cewa an ba ni kujerar, roƙo kake. Ranar nan wani ɗan kamfanin da ke da jirgin ya iso ana saura minti goma sha biyar a rufe ƙofa, kuma ƙa'ida ɗan gida yana gaban baƙo, ina ji ina gani ya wuce da jakarsa har yana ce min yi haƙuri ɗan'uwa. Me zan ce? Ni ma na sha yi wa wasu haka.

Sai na ƙarfe bakwai na samu, jamsit ɗin dai, awa biyu da rabi bayana a miƙe kamar an ɗaure ni da katako, gwiwata na gogar kujerar kyaftin, kuma ba damar barci don wanda ke wannan kujerar ana lissafa shi cikin ma'aikatan jirgi, ido ne na uku. Ƙarfe sha ɗaya saura na shiga gidan kwana.

Gidan kwanan nan shi ma labari ne. Gida ne na haya da ake cika ɗakunansa da gadaje masu hawa biyu kamar na 'yan makarantar kwana, mutum goma sha ko ashirin su yi karo-karo duk wata. Unguwar Kew Gardens a yankin Queens na Niyok, da yake tana tsakanin filayen jirgin JFK da LaGuardia, ta cika da irinsu har ma'aikata suka canza mata suna suna ce mata Crew Gardens. Gado iri biyu ne, akwai mai sanyi wanda naka ne kai kaɗai, akwai mai zafi wanda ya fi araha, duk wanda ka tarar babu kowa ka shimfiɗa zanen gadonka ka kwanta, wani lokacin wallahi da ɗumin wanda ya tashi. Kana lalube da fitilar waya kada ka tashi mutane, wani na minshari, agogon wani na kaɗawa ƙarfe uku, na wani uku da rabi, naka huɗu da kwata. Waɗanda suka fi ban tausayi 'yan jiran ko-ta-kwana ne, sababbin da ba su da jadawali, sai su yi kwana huɗu biyar a gidan nan da yunifom a rataye suna jiran waya, don in an kira wajen awa biyu kawai gare su su isa, wani zubin kuma har kwanakin su ƙare ba a kira ba.

Duk mai irin wannan zirga-zirga ya san daren 12 ga Fabrairu 2009. Jirgin Colgan Air mai lamba 3407 ya tashi daga Newark zuwa Buffalo, ya faɗa kan wani gida a Clarence Center, mutum 50 suka rasu, 49 a jirgi ɗaya a ƙasa. Kyaftin ɗin a yankin Tampa ta Fulorida yake zaune. Mataimakiyarsa 'yar shekara 24, albashinta wajen dala 16,000 a shekara, a kusa da Seattle take, can ɗaya ƙarshen ƙasar, ta kwana tana tafiya cikin jiragen kago ta Memphis ta iso Newark da sassafe, jirginsu kuma sai dare ya tashi. Hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta ce musabbabin shi ne yadda kyaftin ya ja sitiyari baya lokacin da jirgi ya yi gargaɗin gudunsa ya yi ƙasa, maimakon ya tura gaba. Kan gajiya kuwa ta ce da alama ta taɓa su, amma ba a iya auna ko nawa ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne lissafin da binciken ya fitar, cikin matuƙa 137 na kamfanin da ke bes ɗin Newark, 93 daga wani wuri suke zuwa.

Bayan nan an yi doka a 2010. Aka ce mataimakin matuƙi sai yana da awa 1,500 kafin ya ɗauki fasinja, da can 250 ta isa, duk da cewa su biyun nan kowannensu ya wuce 1,500 ɗin. A Janairun 2014 sabuwar ƙa'idar hutu ta fara aiki, awa 10 kafin aiki, da damar barcin awa 8 ba yankewa. Madalla. Amma tafiyar zuwa bes ba a taɓa ta ba, a idon doka awannin da na yi a tsaye bakin ƙofa da waɗanda na yi a jamsit duk hutu nake. Abin da aka yi kawai shi ne kafin kowane tashi sai ka sa hannu cewa kana da ƙoshin lafiyar yin aiki, wato an miƙo maka alƙalami an ce kai ne alƙalin kanka.

Kuma gaskiya ni ba na son a hana, in aka ce dole kowa ya zauna kusa da bes rabinmu ajiye aikin za mu yi, ko aure ya mutu. Abin da na ɗora wa kaina shi ne ba na tafiyar dare in wuce kai tsaye ɗakin tuƙi, ko da hakan zai cinye min ranar hutu, kuma yana cinyewa, kwana uku huɗu duk wata. Sau ɗaya na taɓa ɗaga waya na ce na gaji ba zan iya ba, hannuna har rawa yake don ina sabo lokacin, aka cire ni aka sa wani, ba wanda ya ce min uffan.

Kwanakin nan da ke salwanta ba na kamfani ba ne tunda bai biya ba, ba kuma na gida ba ne tunda ba na nan. Uwargida ta daina tambayata yaushe zan dawo, yanzu sai dai ta ce Abban yara kujera nawa ta rage? Ƙaramar 'yarmu ma ta koya, rannan na ji tana gaya wa ƙawarta wai Abbanta yana zuwa in jirgi bai cika ba.

An ce nan da wata takwas ko shekara lambata za ta iya kaiwa in samu bes ɗin da zan je da mota, haka aka ce bara ma. Gobe dai aiki ƙarfe bakwai na safe, jirgin yau na ƙarfe uku yana nuna kujera tara, mu shida ne a layi, kuma an ce hadari na haɗuwa ta yamma. Bari in je in guge riga.