Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Abin da Muka Ɓoye wa Yaya

A makon jiya na tsaya inda aka mayar da ni ɗakin mata masu ciwon daji, na kuma yi alkawarin kawo labarin auren Auta. Ku yi mini haƙuri, ba yau ba. Tun daren Talata maganar Yaya ta tokare mini ƙirji, in ban sauke ta ba, ba zan iya wucewa gaba ba.

Gwaggo, Allah Ya jiƙanta, ba ta da magana sai "labarin zuciya a tambayi fuska." Da wannan magana na shiga aikin nas, da ita na yi shekaru ina alfahari cewa kallo ɗaya nake wa mara lafiya in san abin da ke ranta.

Kun san Yaya. Atamfa take sayarwa, ita ce kuma uwar adashen unguwarmu. Ba ta yi boko ba, amma tana da littafinta na ajami, ko kwabo bai taɓa ɓace mata ba. Macen da ba ta barci sai lissafi ya daidaita. Da ta ji ƙululu a mamanta na hagu, wata bakwai dangin mijinta Alhaji suna hana a kawo ta asibiti, wai daji ba ya son allura. Shafe-shafe da jiƙe-jiƙe aka yi ta yi har wurin ya fashe. Waɗannan mutanen ne daga baya suka ce asibiti ya kashe ta. Na ji, ban tanka ba, amma ban manta ba.

Ranar da sakamakon gwajin tsoka ya fito, likita bai kira ta ba. Ni da Alhaji ya kira. Alhaji ya ce, "Likita, don girman Allah kada a faɗa mata, hawan jini gare ta." Likita ya juyo ya ce, "Sista, ke kika san 'yar'uwarki." Na leƙa ta taga. Tana zaune kan benci tana jan carbi, fuskarta kwance kamar ruwan randa. Na tambayi fuska, kamar yadda Gwaggo ta koya mini, fuska ta ce a bar ta cikin kwanciyar hankalinta. Na ce a ɓoye.

Aka fara kemo, wato maganin daji da ake ƙarawa ta jijiya. Bayan zuwa na biyu gashinta ya soma bin mataji. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ke Nas, wane irin ƙarin ruwa ne wannan mai zubar da gashi?" Na ce, "Maganin kumburi ne, Yaya." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To." Sau uku ta yi mini irin wannan tambaya a wata shida.

Sai bayan shekaru da rasuwarta, a wata bita da aka tura mu kan kula da masu ciwon ajali, na ji sunan abin da na yi. Malamar ta ce wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Suzanne Miller, ta fitar da ma'auni a 1987 da ke rarrabe yadda mutane ke tarbar mummunan labari. Akwai masu bin diddigi, waɗanda in ba a faɗa musu komai ba hankalinsu ba ya kwanciya, duhun shi ne azabarsu. Akwai masu kau da kai, waɗanda yawan bayani ke karya musu gwiwa. Kowanne ya fi samun sauƙi in an ba shi gwargwadon abin da yake nema. Ina zaune a kujerar baya sai na ga littafin adashen Yaya a idona. In akwai mai bin diddigi a duniya, ita ce. Na fita waje na yi kuka.

A nan na ji cewa su ma can ba da gaskiya suka fara ba. A 1961 an tambayi likitoci a Amurka, kashi 90 cikin 100 suka ce ba sa faɗa wa mara lafiya cewa kansa ce, wato ciwon daji. Zuwa 1979, kashi 97 suka ce faɗa suka fi so. Wata likitar ƙwaƙwalwa, Jimmie Holland, ta kafa sashen kula da zukatan masu kansa a asibitin Memorial Sloan Kettering na Niyok a 1977. Akwai ma wani ma'aunin damuwa da aka zana kamar na zafin jiki, daga 0 zuwa 10, mara lafiya ta nuna da yatsa inda take jin kanta a wannan makon. In ta kai 4, a zauna da ita a ji dalili: kuɗin magani ne, tsoro ne, ko miji ne ya fara maganar ƙara aure.

Kada wani ya ɗauka cewa nake a riƙa jefa wa kowa magana. Na ga ɗaya ɓarin ma. Wata dattijuwa daga ruga, wadda kullum amsarta ita ce "ku yi magana da ɗana," wani matashin likita ya tsaya a kanta lokacin zagaye, ga ɗalibai, ga masu jinya, ya ce, "Mama, kansa ce, kuma ta bazu." Washegari gadonta babu kowa. An riga an rubuta mata takardar zuwa a gasa ciwon da na'ura, a kan tebur aka bar ta. Shi bai tambaye ta ba, ni ma ban tambayi Yaya ba. Laifinmu ɗaya.

Gwaggo ba ta yi ƙarya ba, amma fuskar matanmu an horar da ita tun ƙuruciya. Mace tana cin wuta, ka ce "ya jiki?" ta ce "da sauƙi, alhamdu lillahi." Ita kanta Gwaggo haka ta yi har ta koma ga Allah. Wace fuska za ka tambaya a nan?

Daga bitar nan har na yi ritaya, ban sake barin a yanke wa mace hukunci tana kan benci ba. Tun kafin sakamako ya fito nake zama a bakin gadonta in ce, "Hajiya, in takarda ta zo, ke za a faɗa wa, ko akwai wanda kike so ya ji? Duka kike so, ko kaɗan-kaɗan?" Wasu mazan sun yi fushi da ni. Wani har ƙarata ya kai wurin metiron, shugabarmu ta nas-nas. Ban daina ba.

A wurin jana'izar Yaya liman ya yi cigiyar masu bin bashi, kamar yadda aka saba. Bayan sadakar uku mata suka cika tsakar gida, kowacce da nata lissafin zubi, aka buɗe littafin, babu mai iya warware alamominta sai ita. Macen da ba ta taɓa kwana da haƙƙin wani ba, mun bar ta ta tafi da adashe a buɗe. Da ta sani, cikin mako ɗaya za ta sallami kowa, ta nemi yafiyar abokiyar zamanta, ta faɗi wanda zai riƙe Auta. Ni na sayar da 'yan kunnena na cike abin da aka ce ya rage, har yau kuma ban tabbata na biya kowa daidai ba.

Littafin yana cikin akwatina. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, auren Auta.