Abincin Wata Uku A Kofi

Yayata ta yi shekaru tana fama da ƙiba da ciwon suga, gwiwa kullum ciwo, ko sujada sai da kujera. Likita ya ɗora ta kan wani tsari, abincin yini duka bai wuce kalori 800 ba (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki), kusan duk ruwa-ruwa ne, har sati 12. Wallahi na tausaya mata, ga zafin Sakkwato, ga ƙamshin tuwo da miyar kuka a gida, ita kuwa sai ɗan kofinta. Duk bayan sati biyu ana duba jininta, likita ya rage mata maganin suga don kar sugan jininta ya faɗi ƙasa warwas. Abin da ya tayar min da hankali, maƙwabciyarmu ta ce ita ma za ta fara da kanta ba likita. Na ce haba Hajiya, tsakuwa na iya fitowa a madaciya, jiri ya kayar da ke, ki je asibiti tukuna don Allah.